Tambayoyinku: Neman faifan rawa a Legas

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Sana'ata saka kiɗa a wajen biki da suna da walimar ƴan makaranta, kuma da kwamfuta nake aiki kamar kowa. Bara, bayan rasuwar mahaifina, na tarar da injin garmaho a cikin kayansa tare da faifai kaɗan. Na kai aka gyara, kuma tun ranar da na ji sautinsa raina ya biya. Bayan Sallah zan raka kawuna Legas sarin kaya, za mu yi kamar mako guda. Ina so in sayo faifan kiɗan rawa. Ina zan nufa, me zan duba, kuma yaya zan kawo su gida lafiya? Kuɗin da na tara ba su da yawa.

Mai saka kiɗa, Zango

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, don ni ma a kan wannan inji na yi ƙuruciyata. A zamanin samariya da rana ina gyaran rediyo a Sabon Gari, da dare kuma a ɗauke ni in saka faifai a shagalin ma'aikata da malaman makaranta. Abin da zan faɗa maka daga can ya fito, da kuma zirga-zirgar neman kayan gyara a Kano da Legas.

Kafin maganar inda za ka je, akwai abin da ya kamata ka sani tun kana gida. Kiɗan da ake yayi yanzu a bukukuwanmu, waƙoƙin fim ɗin Hausa, na matasan Yamai, amapiyano da sauransu, kusan dukkansu ba a buga su a faifan garmaho ba. Ranar kamu ko wunin mata, kwamfutarka ce za ta ci gaba da ciyar da kai. Abin da faifai zai ba ka shi ne kiɗan da aka yi daga wajen 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980: hailaif, juju, afrobit, disko da fonk na Najeriya, rumba da sukus na Kwango, makosa na Kamaru, da kiɗan Kyuba da iyayenku suka taka sanye da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Saboda haka ka zauna ka tambayi kanka, wa zan saka wa? A garin nan, wanda jitar Kwango ke tayarwa daga kujera yawanci ya haura hamsin, ka same shi a liyafar ritaya ko zaman dare na abokan ango dattawa. Matasa kuwa disko mai nauyin ganga ne zai fi kama su. Idan ka san mutanenka, rabin cinikin ya ƙare.

Ka yi sa'ar gari. A shekarun kuɗin mai, manyan kamfanonin faifai na Turai, Decca da EMI da Philips wanda daga baya ya koma Polygram, duk suna da rassa a Legas, can ake ɗaukar kiɗa, a Najeriya ake buga shi. Ga kuma na ƴan ƙasa irin su Tabansi a Anacha. Sai kaset ya zo, satar fasaha ta yi yawa, darajar naira ta faɗi bayan 1986, Turawan suka sayar suka tafi. EMI ya koma Ivory Music, Polygram ya koma Premier. Faifai dubu bisa dubu suka shige ɗakunan ajiya da ƙarƙashin gadaje. Daga wajen shekara ta 2000 kuma masu tara faifai daga waje suka fara sauka suna kwasa. Kamfanoni irin su Soundway na Ingila da Analog Africa na Jamus suka riƙa sake buga tsofaffin kiɗe-kiɗen, duniya ta farga, farashi ya tashi. Yau duk wani dillalin faifai a Legas yana da waya a hannu, kuma ya san shafin Discogs inda ake ganin nawa aka sayar da kowane faifai a duniya.

Kada wannan ya karya maka gwiwa, don a nan ne ribarka take. Abin da baƙi ke bi da dala da yuro shi ne faifan da bai yi kasuwa ba a zamaninsa, wanda aka buga kaɗan, shi ya sa ya yi wuya. Wanda ya yi kasuwa kuwa, wanda aka taka daga Legas har Agadas, an buga shi da yawan gaske, yana nan jibge, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kai kuma shi kake nema. Mutumin da ya zo biki ba ruwansa da cewa faifanka guda nawa ya rage a duniya. So yake ya ji jitar da ya sani tun yana lakwal ya miƙe. Don haka duk lokacin da mai shago ya ɗauko wani faifai da hannu biyu ya ce maka wannan Turawa na rububinsa, ka yaba, ka mayar masa, ka ce ya nuna maka kwalin da ke ƙasa.

Yanzu inda za ka nufa. Ranar farko ka je Jazzhole, a titin Awolowo da ke Ikoyi. Shago ne na littattafai da faifai, ya daɗe, kuma masu shi sun san kiɗa. Ba wurin araha ba ne. Ina tura ka ne don idonka ya buɗe: ka ga yadda faifai mai lafiya yake, ka ga tambarin kamfanoni, ka ga sababbin bugu, ka san farashin sama kafin ka shiga ciniki a wani wuri. Idan kuɗinka sun kai, ka ɗauki sabon bugu ko da guda ne, don ka samu abin da za ka riƙa gwada lafiyar injinka da shi. Sauran kwanakin kuma na tsofaffin unguwanni ne, irin su Mushin, Yaba, Ojuelegba da Surulere. Masu tsofaffin faifai ba kasafai suke kafa allo ba. Hanyar da ta fi kai mutum gare su ita ce masu gyaran rediyo da amfilifaya, da dattawan da ke sayar da kaset da sidi. Ka sayi ɗan abu a hannunsu, ka gaisa, sannan ka tambaya. Kasuwar Alaba kuma, can wajen Ojo, ta kayan lantarki ce, can za ka nemi allurar garmaho da bel da sauran kayan inji.

Kada ka yi wannan yawo kai kaɗai. Kawunka na da mai masauki, ko a Agege ko a Idi-Araba, inda Hausawa suka yi kaka-gida. Ka roƙi a haɗa ka da yaron da aka haifa a can, mai jin Yarbanci da Turancin kasuwa, ka ɗauki nauyin motarsa da abincinsa, ka sallame shi da yamma. Kuma unguwa ɗaya za ka sa a gaba kowace rana. Cunkoson motocin Legas na iya cinye maka wuni tsakanin Agege da Ikoyi, don haka ka fita da asuba. Sefarka kuwa ka canza a Wapa tun kuna Kano, kada ka je kana neman ɗan canji a unguwar da ba ka sani ba da jaka a kafaɗa.

Faifai iri-iri ne, kuma ba kowane ne naka ba. Akwai babba mai faɗin inci 12, wato wajen santimita 30, mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Kowane gefe na ɗaukar kamar minti 20. Akwai ƙarami mai inci 7, mai juyi 45, na kamfanin RCA a 1949, waƙa ɗaya gaba, ɗaya baya. Sai wanda ya fi dacewa da sana'arka: faifai mai faɗin inci 12 amma kiɗa ɗaya ko biyu kacal a kowane gefe. A gidajen rawa na Amurka aka fara yayinsa a tsakiyar shekarun 1970. Tunda kiɗan kaɗan ne a fili mai faɗi, layukan da allura ke bi sun samu wuri sun buɗe, sai sauti ya fi ƙarfi, ganga ta fi nauyi. Duk inda ka gan shi da lafiya, kuma kiɗan ya yi maka, ɗauki. Faifan hailaif da na Kwango da yawa ma haka suke, waƙa ɗaya ta cinye gefe guda, ka saka ka samu minti goma sha biyar mutane na juyi ba ka taɓa komai ba. Wanda za ka ƙyale shi ne tsohon nan mai nauyi mai juyi 78. Ba roba ba ne, da ya faɗi ya fashe, kuma allurarsa daban ce.

To, ga inda nake so ka natsu. Sayen tsohon faifai kamar sayen ragon layya ne: ba a tsayawa daga nesa a yaba ƙaho, sai an taɓa an duba haƙori. Kwali mai kyau ba ya nuna komai. Zaro faifan, ka riƙe shi ta baki da tafin hannu, kada yatsunka su hau kan layukan. Fito da shi inda haske yake, ko ka haska fitilar waya ta gefe, kana karkata shi a hankali. Za ka ga zane-zane. Wanda ido kawai ke gani, farce bai jin sa, yawanci ba ya damun kunne sosai. Wanda ka shafa da farce a hankali ka ji ya tokare, to za ka ji shi ƙas-ƙas a lasifika duk juyi. Mafi muni shi ne zanen da ya kwanta kusan daidai da layin faifan, don shi ne ke ɗauke allura ta yi tsalle, ko ta tsaya wuri ɗaya tana maimaitawa. Ka kwatanta wannan a tsakiyar fili, amarya ta fito.

Akwai kuma lalacewar da ba zane ba ce, ita ce ta fi yaudarar sabon shiga. Faifai mai lafiya baƙi ne wuluk, yana sheƙi. Idan ka ga layukan sun yi fari-fari ko toka-toka, an ci shi da dakusasshiyar allura, ko an ɗora wa hannun injin kwabo don kada ya yi tsalle, kamar yadda aka saba yi a mashaya. Wannan ko an wanke shi sau nawa, muryar ta riga ta dishe, jitar za ta riƙa tsatsa. Kuma faifan rawa su suka fi shan wannan wahala, tunda su aka fi sakawa. Dubi bakin ramin tsakiya ma: idan takardar ta cika da ƴan zane-zane, an saka shi ba adadi. Daga nan ka ɗaga shi daidai idonka ka duba ko ya kantare. Ɗan tudu kaɗan allura na iya hawa. Wanda ya yi kamar igiyar ruwa a baki, bar shi ko kyauta ne.

Datti da hunhuna kuwa kada su kore ka. Legas gari ne mai laima, faifai da yawa za ka same su da farin hunhuna da warin ɗaki. Wannan kam, wanki ke fitar da shi, kuma dalili ne na neman ragi. Abu na ƙarshe, wanda mutane ke mantawa saboda ɗoki: karanta sunan da lambar da ke kan takardar tsakiya, ka gwada da na jikin kwalin. Faifan da ya shekara arba'in yana yawo hannu zuwa hannu sau da yawa ba a cikin rigarsa yake ba. Idan ka ji mai shago na cewa NM ko VG+ ko VG ko G, matakan lafiya ne da masu tara faifai ke amfani da su, daga kusan sabo zuwa wanda ya jigata. Don aikin fili, VG+ ya wadatar. G kuwa, wato Good a Turance, sunansa ne kawai mai daɗi, kada ka kai shi gaban jama'a.

Duk da haka ido ba ya yanke hukunci, kunne ke yankewa. Kada ka biya kuɗin faifan da ba ka ji ba. Idan mai shi na da inji, ya saka maka. Ka ji farko, ka ɗaga allura zuwa tsakiya, sannan ka kai ta kusa da takarda, don can ciki ne sauti ke fara lalacewa. Da yawansu ba su da inji, ko ba wuta. Akwai ƙananan injuna masu aiki da batir, irin Numark PT01, da masu wannan nema ke ratayawa. Idan ka samu na hannu a Alaba da kuɗi mai sauƙi, zai biya kansa tun a tafiyar nan. In bai samu ba, ka nemi sunan kiɗan a YouTube ka ji ko ya yi maka, lafiyar faifan kuma ka dogara da idonka, ka rage tayi daidai da kasadar.

Yayin da kake saurare, ka ƙirga bugun ganga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4, ka rubuta a ɗan littafi tare da sunan faifan. Disko yawanci tsakanin bugu 110 ne da 130 a minti. Amfanin wannan shi ne ka dawo da faifan da za su iya bin juna, kada ka tara ashirin kowane da tafiyarsa. Ka kuma sani cewa makaɗan da mutane ne da hannu, ba inji ba, suna ɗan sauri suna ɗan lafawa, ba za ka iya ɗora ganga kan ganga na tsawon lokaci ba yadda kake yi a kwamfuta. Mu a da jira muke inda mawaƙi ya yi shiru ganga ta rage ita kaɗai, sai mu shigo da na biyu. Wannan kunne ke koyonsa, kuma ni a ganina daɗin aikin ke nan.

Ciniki ba sai na koya wa ɗan Damagaram ba, wanda ya tashi yana ganin Kasuwar Dole. Abin da zan ƙara kawai: ka ware duk waɗanda kake so, ka cusa wanda ka fi so a tsakiya, ka yi tayin su gaba ɗaya. Kuma da kuɗin da za ka sayi talatin masu tari, gara ka sayi goma sha biyu masu lafiya. Araha ba ta ado. Idan kuma ka ci karo da faifan mawaƙanmu na Hausa na da, irin su Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, kada ka bar shi ko da ba na rawar da kake nufi ba ne. Ba su da yawa a kudu, kuma a nan gida za ka samu masu zama su saurara har dare ya raba. Na Nijar kuwa kada ka sa rai sosai. Ba mu yi masana'antar buga faifai irin ta Legas ba, kiɗanmu a kaset da ma'ajiyar gidan rediyo ya zauna. Sai a baya-bayan nan ne kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga wasu a faifai, cikinsu har da kiɗan Mamman Sani na Yamai a 2013.

Ka ware kaso ɗaya na kuɗinka don injin kansa, don faifai ba allura kwali ne kawai. Cire kan allurar injin mahaifinka ka tafi da shi a aljihu, ko ka ɗauki hotonsa da lambarsa, ka sayo biyu in da hali. Allura na yin aikin awa 500 zuwa 1000 kafin ta dakushe, kuma a ƙurarmu ba ta kai haka. Kamfanin Shure ya daina ƙera su tun 2018, amma Audio-Technica da Ortofon na nan suna yi. Idan injin mai bel ne, sayo bel ɗin roba na ajiya, zafi na saki da shi. Nauyin da allura ke so a kan faifai yawanci giram 2 ne zuwa 3, ana daidaita shi da ƙarfen da ke bayan hannun, ba da kwabo ba. Idan wata rana ka yi ƙarfi kana son inji na biyu, wanda masu sana'arka suka yarda da shi a duniya shi ne Technics SL-1200, musamman samfurin MK2 na 1979, mai maɓallin ƙara sauri ko rage shi da kashi 8 cikin 100. Amma ka duba bayan duk injin da za ka saya. Mu da Najeriya wutarmu volt 220 ce zuwa 230. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na 110 ne zuwa 120, na Japan 100, da ka soka su kai tsaye sun ƙone. Filogin Najeriya kuma mai baki uku ne irin na Ingila, namu mai baki biyu zagayayye, sai ka nemi mahaɗi. In ka dawo, kada ka haɗa injin da kuran ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Kuma wayar injin a ramin da aka rubuta PHONO take shiga. Idan amfilifayarka ba ta da shi, akwai ɗan akwatin da ake sakawa tsakani, shi ma ka sayo a Alaba. Ƴar siririyar wayar nan ta uku da ke fitowa daga injin ka ɗaure ta a kusar da ke bayan amfilifaya, ita ke kashe gurnani.

Saura kawo su gida, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar abin da suka sha wahalar nema. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1000 ne, daga Kano zuwa nan ta Daura da Matamaye wajen 240. Robar faifai na fara laushi idan zafi ya doshi digiri 60, kuma kayan da aka ɗaure a saman mota ƙarƙashin tampol, ko aka cusa a but kusa da inji, suna iya kai wa haka da rana tsaka. Kawunka zai ce a haɗa su da sauran kaya a babbar mota. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka ce waɗannan a hannunka za su zauna. Ka jera su a tsaye, a matse da juna, da kwali mai kauri gaba da baya, ka naɗe da zane, ka sa a jakar da za ta zauna tsakanin ƙafafunka, nesa da taga. Kada ka kwantar da su wani kan wani. Masu tara faifai kan zare faifan da ƴar rigarsa ta ciki su jingina shi a bayan kwalin, don kada girgizar hanya ta sa bakinsa ya tsaga kwalin. Ka lissafa nauyi ma: babban faifai da kwalinsa ya kai giram 200 ko fiye, hamsin sun haura kilo 10. Duk inda aka ba da rasit ka karɓa ka adana, don kwastan a can da duwan a nan su ga kayan amfaninka ne.

Da ka iso, wanki kafin allura ta taɓa su. Ruwan rijiya na barin gishiri a cikin layuka. Nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, ka tabbatar farin ruwan ne zalla ba mai asid ba, ka ɗiga sabulun wanke kwanuka kaɗan, ka shafa da tattausan ƙyalle kana bin zagayen layin, ka kiyaye takardar tsakiya, ka ɗauraye, ka jingina a inuwa ya bushe. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da shanya a rana. Ajiya kuma a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na Birni ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40. Da hunturu ka rufe akwatin da zane.

Shawarata kuma, kada ka kai faifanka filin da ake tayar da ƙura. Ƙasar da ƙafafu ke tayarwa tana sauka cikin layi, allura ta bi ta kanta ta niƙa. Ka naɗi sautin kowane faifai a kwamfuta tun yana da tsabta, wannan shi za ka kai fili. Injin da faifan kansu ka ajiye su don zaman cikin gida ko farfajiya mai siminti, teburinsu daban da na lasifika don kada amon ganga ya girgiza allura. Ka sa wa irin wannan zama kuɗinsa daban. Akwai dattawa a garin nan da za su biya da murna don su ga faifai na juyi a gabansu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ka gai da kawun naka.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Maigidana ya rasu ya bar akwati biyu cike da faifan garmaho, tun na zamanin da yake aiki a Kwatano. Wani ya zo har gida ya ce zai saye su duka a dunƙule, ya ce ai tarkace ne. Ƴaƴana sun ce in bayar a huta. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Me ka gani?

Wata uwa, Birni

AMSA

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba ku haƙurin rashi. Zuciyarki ta yi daidai. Wanda ya tako har gida neman abu, ba tarkace ya ɗauke shi ba.

Da farko, faifan nan dukiyar gado ce kamar sauran kayan mamaci, don haka duk magada su san da maganar kafin a sayar ko a kyautar. Na biyu, kada a sayar da akwati a dunƙule. Gaskiya ne yawancin abin da ke ciki ba zai yi wani kuɗi ba, amma cikin ɗari ana iya samun biyu ko uku da suka fi sauran duka daraja, kuma saboda su ake tayin akwatin. Zaman da Alhaji ya yi a Kwatano ya sa na ƙara cewa a yi hattara. Faifan da kamfanin Albarika Store ya fitar a can, musamman na ƙungiyar Poly-Rythmo, da na kamfanin Syliphone na ƙasar Gini, da ƙananan nan masu juyi 45 na Mali da tsohuwar Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, suna cikin waɗanda masu tara faifai ke nema ruwa a jallo.

Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya zauna da littafi ya rubuta sunan mawaƙi, sunan kamfani da lambar da ke kan kowane faifai, ya ɗauki hoton gaba da baya. Sai ya shiga Discogs ya nemi lambar. Farashin da zai duba shi ne wanda aka riga aka sayar, shafin na nuna mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi tsada, ba wanda wani ya rubuta yana fata ba. Ku sani kuma wannan farashin na faifai mai lafiya ne a kasuwar waje. Mai saye a nan dole ya ci riba, ba zai biya haka ba, amma aƙalla kun san abin da ke hannunku.

Kafin nan kada a wanke su, kada a yi rubutu a kan kwalayen, kada a liƙa musu salatif, don duk wannan na rage musu kuɗi. A tayar da su tsaye, a ɗauke akwatunan daga jikin bangon da rana ke duka. Idan mutumin ya dawo, ki sa babban ɗanki ya zauna da shi, a ce ya ware waɗanda yake so ya faɗi kuɗin kowane ɗaya. Waɗanda Alhaji ya fi sakawa kuwa, ke kin san su, a cire su gefe tun kafin a fara ciniki, sauran ma a naɗi sautinsu a kwamfuta kafin su bar gidan.